Shekarar da Babanku Ya Sha Ruwa da Rana Tsaka

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya ba mu aron hankali kuma Ya ɗora mana tsaronsa.

'Ya'yana, na san abin da ake faɗa muku in kun je Zurmi biki ko gaisuwa. Ana cewa uwarku ce ta hana ubanku azumi, ta riƙa ɗura masa gishirin batir har ya kusa sheƙawa, kuma da ya tashi ta sake miƙa masa. Ban taɓa mayar da magana ba, don ina ganin shiru ya fi mini mutunci. Amma da Nafisa ta dawo daga bikin nan na bara idanunta jawur, ta zauna a bakin gadona ta kasa kallona, sai na gane shirun nawa ku yake ci. Ranar da abin ya faru babu ko ɗayanku a gidan. Nafisa tana ɗakinta a Gusau, Kabiru yana makaranta, sauran kuma kowa yana inda Allah Ya ajiye shi. To ga yadda aka yi, daga bakin wadda ta ɗebo ruwan.

Sai na fara da kakanku, Malam Babba, don in ba a fara da shi ba, ba za ku gane komai ba. Lokacin da aka kawo ni gidan nan na Ƙaura, shi yana Zurmi da sauran ƙarfinsa. Mutum ne mai yawan tilawa, mai sanyin murya. Amma yana da wani abu da mutanen gida suke kira tashin Malam. Wata shekarar sai ya daina barci, ya yi ta magana, ya rabar da tumakinsa, ya ce zai gina masallaci a kowace unguwa. In wannan ta lafa, sai ya shige ɗaki ya juya wa ƙofa baya har damina ta fita. Ba wanda ya taɓa kiran abin da ciwo. Da tsufa ya zo, tashin ya ragu, sai wani abu ya maye gurbinsa. Ya fara ɓata hanyar masallacin da ya yi rayuwarsa yana limanci a ciki. Daga baya ya manta adadin raka'o'i, ya manta alwala, ya manta fuskoki. Wata rana mun je gaishe shi, babanku ya durƙusa a gabansa ya kama hannunsa. Tsohon ya dube shi da fara'a irin wadda ake yi wa baƙo.

"Sannu da zuwa, samari," in ji shi. "Kai ɗan wane ne a garin ga?"

Muka yi sallama muka shiga mota. Sai da muka yi nisa a hanyar Ƙaura ya yi magana, fuskarsa a taga.

"Rabi, ciwon Baba shi ag gare ni, ke ma kin sani. In kin ga na kama hanyar da ya bi, ki tare ni. Ko ina hwaɗa, ki tare ni."

Na ce masa to. Ban san nauyin abin da na ɗauka ba.

Kun san sana'ar babanku, dillancin hatsi a kasuwar Ƙaura. Abin da ba ku lura ba shi ne duk jarinsa a kansa yake. Manomi zai sauko daga Sakajiki da buhunan gero, babanku ya kira shi da sunansa, ya tambayi gyatumarsa mai ciwon ƙafa, ya tuna masa cewa geron bara ya ɗan yi tsakuwa. Don wannan ake nemansa a bar wasu. To ciwon ya fara taɓa shi tun Nafisa tana goye. Akwai shekarar da ya tafi tashar jirgi ya tara yara da 'yan acaɓa yana musu alkawarin shi zai dawo da jirgin ƙasa Ƙaura kafin salla. Mutane suna dariya, ni ina laɓe a bayan wani shago da hijabina ina jiran ya gaji. Akwai kuma shekarar da ya kwanta, in na kai masa tuwo da rana sai in tarar da shi da yamma yadda na ajiye, ƙuda kawai ya ci. Mun yi rubutu, mun yi hayaƙi, mun yi sauka. Mun kuma je asibiti, aka ba shi wasu magunguna da suka sa shi ƙiba da barci kamar an jiƙa shi, amma tashin bai fasa zuwa ba.

Abin da ya fi tsorata ni ba tashin ba ne, abin da yake bari a baya ne. Duk lokacin da ya farfaɗo sai in ga an rage wani abu. Kalma takan maƙale masa a baki. Ya fara tambayata abin da na gaya masa da safe. Wata rana ya dawo kasuwa da wuri, ya zauna a kan turmi da hularsa a hannu, ya ce wani dattijo na Sakajiki da suka yi shekaru suna hulɗa ya tsaya a gabansa, shi kuwa ya nemi sunan ya rasa. Ya ce sai da ya yi ta kiransa Alhaji, mutumin da ko Gusau bai cika zuwa ba.

Wannan ne ya kai mu babban asibitin ƙwaƙwalwa a can ƙasar Sakkwato. Likitan da muka samu ba ya gaggawa. Ya saurari babanku, ya saurare ni, ya tambayi labarin kakanku har ƙarshe. Sannan ya ce akwai wani tsohon magani, sunansa litiyam, wani irin gishiri ne da ake haƙowa daga ƙasa a tace shi. Ya ce yana daga cikin waɗanda suka fi riƙe irin wannan ciwo, ya hana hawan ya hana faɗuwar. Amma yana da sharuɗɗa. Tsakanin abin da zai yi magani da abin da zai yi illa tazarar kaɗan ce, saboda haka dole a riƙa auna shi a jini, a riƙa duba ƙoda. Dole ya riƙa shan ruwa sosai. Gishirin miya kada a ƙara kada a rage. Kada ya sha maganin ciwon jiki na kemis sai an tambaya. In gudawa ko amai ya kama shi, a dakatar da maganin a zo asibiti, don in jiki ya bushe maganin taruwa yake yi a jini.

Ni kuwa tambayar da ta kawo ni ba a taɓo ta ba tukuna. Na ce, "Likita, mantuwar fa? Zai zama kamar mahaifinsa?"

Ya ajiye alƙalaminsa ya dube ni.

"Hajiya, gaibu na Allah ne. Abin da muke zato shi ne duk tashin da ya zo yana gajiyar da ƙwaƙwalwa, to hana tashin ma kaɗai taimako ne. Bayan haka akwai masu bincike da suke ganin alamun cewa wannan maganin, shi da kansa, wataƙila yana kare ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, kuma masu irin wannan ciwo da suka daɗe a kansa kamar ba su cika faɗawa gigin tsufa ba kamar waɗanda ba su sha shi ba. Amma ki riƙe kalmar nan da na ce, wataƙila. Ba a gama tabbatarwa ba, kuma ba zan rantse miki ba."

Na yi sakandare, na san bambancin wataƙila da tabbas. Amma macen da ta ga surukinta yana tambayar ɗansa ko shi ɗan wane ne, in aka miƙa mata wataƙila, da hannu biyu take karɓa.

Allah Ya sa maganin ya karɓe shi. Shekaru suka wuce ba tashar jirgi, ba juya wa ƙofa baya. Hannunsa yakan ɗan yi rawa in ya ɗauki kofi, fitsari ya yawaita, shi ke nan. Na sayi randa ta musamman na ajiye a bakin ƙofar ɗakinsa, moɗa a kai. Gishirin miyata ya zama da ludayi guda nake aunawa kullum, har kuna tsokanata wai miyar Inna ba ta san ranar salla ba. In lokacin awon jini ya yi mukan kama hanya, ko da ana cewa hanyar ba lafiya, mu yi addu'a mu shiga mota. Azumi kuma yana yi da shawarar likita, don a shekarun farko ruwan sama yakan sauka kafin watan ya yi nisa, kuma yakan yini a gida.

Sai shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar bazara. Ba ku manta zafin ba. Kaji suna buɗe baki a ƙarƙashin rumbu, bango yana ƙuna har bayan magariba. Likita ya ce a wannan karon ya fi son ya ajiye azumin. Babanku ya ce shi tunda ya balaga bai taɓa shan azumi ba, ba zai fara da furfura ba. Aka daidaita a kan zai gwada, ba kasuwa da rana, kuma in ya ji wani abu ya karya.

Ana cikin kwanakin farko gwaggonku Asabe ta iso daga Shinkafi. Ku yi mata adalci a zukatanku. Ita ta goyi babanku bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta tauna ta ba shi. Tana da al'adarta ta kowace shekara, in azumi ya kama sai ta dafa ganyen filasko da tsamiya ta bi 'yan'uwa tana ba su, wai a wanke ciki a shiga ibada da sauƙin jiki. Rabin Shinkafi haka suke yi, kuma mai lafiya yakan yi zawonsa ya tashi garau. A shekarun baya aiko mana take yi, ni kuma in karɓa da godiya in ajiye. Wannan karon da ƙafarta ta zo. Ina madafa ina kwashe ƙosai aka kira salla, kafin in fito da tire ta riga ta miƙa masa kofi ya shanye.

"Yaya, me ya sha?" na tambaya.

"Mi za ya sha? Abin da ubanmu ya sha. Shekara da shekaru kuna tara mai maganin Turawa a ciki, ba a wanke ba? Ko tukunya ce ai ta yi baƙi."

Babanku yana goge baki yana murmushi. "Rabi, in Yaya Asabe ta miƙo, ko wuta ce sai in karɓa."

Na tuna masa maganar likita, na ce in cikin ya motsa a dakatar da magani a tafi asibiti. Ya ce to. Amma namiji da kunyar zawo, ga kuma azumin da yake tsoron a raba shi da shi, sai ya ɓoye mini. Yana zagayawa ta bayan zaure, yana cewa alwala yake sabuntawa. Ya ci gaba da azumi, ya ci gaba da haɗiyar maganinsa. Da jikinsa ya fara ciwo, gwaggonku ta ciro ƙwayar ciwon jiki daga ƙullin zanenta ta ba shi, irin wadda take sha don gwiwa. Duk wannan daga baya na ji. Abin da idona ya gani shi ne wata yamma ya ɗauki kofin kunu, hannun ya kaɗa har kunun ya zube masa a riga. Ba irin ƙaramar rawar da na saba gani ba ce. Ya buɗe baki zai ce mini ba komai, harshen ya yi nauyi kamar na mai maye. Ya miƙe, ƙafafun suka harɗe, ya dafa bango.

Ban tsaya neman shawara ba. Na aika aka kira Keke Napep, na kira baffanku Alhaji Isa a waya. Kafin mu gama da asibitin Ƙaura ya iso daga Zurmi, shi ya ɗauki ƙanensa a kafaɗa kamar buhu ya sa a mota muka wuce Sakkwato. A hanya babanku bai san inda yake ba. Baffanku yana riƙe da kansa yana kiran sunansa na yara, wanda ban taɓa jin ya kira ba. Da muka isa asibitin aka dakatar da maganin, aka yi ta ƙara masa ruwa. Gwajin jini ya nuna maganin ya taru fiye da kima, ƙodar ma ta jigata. Gwaggonku ta zauna a barandar asibiti ta ƙi ci ta ƙi sha ko an yi buɗa-baki, tana ta cewa ita ta kashe ɗan da ta goya.

Allah Ya tashe shi. Harshe ya saki, ƙafa ta tsaya, ƙoda ta dawo daidai. Kafin a sallame mu likita ya zaunar da mu biyu. Ya ce zaɓi namu ne. Ana iya komawa irin magungunan da, ana kuma iya komawa litiyam a hankali, kaɗan-kaɗan, da awo akai-akai. Amma in shi za a koma, babu azumin bazara, babu filasko, babu ɓoye-ɓoye. Bai ɓoye mana cewa haɗarin yana nan ba. Babanku ya ce a ba shi lokaci ya yi tunani.

Mun dawo gida ana cikin goman ƙarshe. Washegari da hantsi baffanku ya zo, ya ce a kira Liman na unguwarmu, Malam Hashimu, a yi magana a gaban shaida. Aka shimfiɗa tabarma a inuwar dalbejiyar tsakar gida. Babanku yana jingine da bango, ya rame, kuma da na kai masa koko da safe ya ture, ya ce ya ɗauki azumi. Ni ina bakin ƙofar ɗaki, gwaggonku tana gefena.

Baffanku ya ciro ƙaramar wayarsa, ya ɓalle bayanta, ya zaro batirin ya ɗaga sama.

"Liman, duba nan. Yarona ya karanta man. Sunan da ar rubuce jikin batirin ga, shi ar rubuce jikin kwalin maganin. Abin da aka sa ma waya da hitilar sola, shi aka ba ɗan'uwana shina haɗiya. In ba a yi hankali ba wata rana sai mun jona shi da caja."

Liman ya yi dariya har ya rufe baki da gefen rawani. Ni ban saba magana a gaban baffanku ba, shekara da shekaru gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ina durƙushe. Amma na ji bakina ya buɗe.

"Yaya, a gafarce ni. Maganin ƙarin jini da ake ba masu ciki, ƙarfe ne a cikinsa. Ban ji an ce sun haɗiyi fartanya ba."

"Ji man Rabi! Yau ke ka koya man karatu?" Ya ajiye batirin, dariyar ta bar fuskarsa. "Ni na ɗauke shi a kahwaɗata. Ni na ji jikinshi ya saki awa gawa. Ke kina son in sake ɗaukar shi? Ku zubar da abin ga. In tahi da shi Zurmi ya huta, a yi mai rubutu, ya ƙarasa azuminshi cikin 'yan'uwa. Mutum na tahiya da ƙahwarshi, ina ciwon da za ya sha azumi a goman ƙarshe?"

Liman ya ce Allah da kanSa Ya yi wa marar lafiya rangwame ya rama a wasu kwanaki, kuma ba a auna ciwo da tafiya da ƙafa, ana auna shi da abin da masana suka ce zai cutar. Ya ce karɓar rangwamen Ubangiji ba raini ba ne, ladabi ne. Baffanku ya ce shi bai musa ba, amma a bar maganin, sai azumin ya yiwu. A nan maganar ta tsaya, kowa ya gane inda ta tsaya: ko magani ko azumin bana.

Na ce, "Yaya, rubutu ban taɓa hana shi ba, ni nake wanke allon da hannuna. Maganin nan kuma ba shi ya ci amanarmu ba. An gaya mana sharaɗinsa, sharaɗin aka karya." Gwaggonku ta sunkuyar da kai, na kama hannunta na riƙe don ta san ba da ita nake ba. "Kafin maganin nan kun ga yadda muke. Kuma Yaya, wa ya riƙa bin hanyar Birnin Tsaba da rana tsaka yana neman Baba in ya ɓace? Wa ya riƙa yi masa alwala yana ture hannu?"

Ban faɗa don in soke shi ba, amma ta soke shi. Shi ya yi jinyar kakanku har ƙarshe. Idanunsa suka kawo ruwa, muryarsa ta hau.

"Kina da tabbacin ƙwayar ga ta hana shi zama awa Baba?"

"Ba ni da shi. Likita ma ya ce wataƙila."

"A kan wataƙila za ki sa mijinki ya sha azumi?"

"A kan wataƙila manomi yake zuba iri, Yaya. Abin da na tabbata shi ne in an bari, tashin zai dawo. Wannan na gani da idona."

Ya juya ga ƙanensa. Ya ce shi ne babba, kuma in aka zaɓi maganar mace a kan tasa, ƙafarsa ba za ta sake taka gidan nan ba. Kurciya tana kuka a kan dalbejiya. Rana ta take tsaka. Babanku ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, yana kallon 'yar rawar da yake yi. Sannan ya ɗago.

"Rabi, kawo man ruwa."

Na tashi na je randar bakin ƙofarsa. Na ciko moɗa na kawo. Na durƙusa na miƙa masa. Ya riƙe ta da hannu biyu, ya dubi yayansa.

"Yaya, ka yi man uba, ban da abin biyan ka. Amma ka tuna shekarun Baba na ƙarshe. Azumi nawa ya yi? Salla nawa? An ɗauke mai alƙalami tun shina numfashi. Azumin bana ina iya rama shi in Allah Ya kai mu sanyi. In hankalin ya tahi, da mi za ni rama?"

Ya yi bisimilla a fili, ya sha. Ina jin saukar ruwan a maƙogwaronsa. Ya shanye ya ce alhamdu lillahi, hawaye yana bin gemunsa. Baffanku ya tattara wayarsa da batirinta a hannu, bai ko haɗa su ba, ya sa takalmi ya fita.

Kun ga dai ba ɗura masa na yi ba. Amma kada ku ce ba ruwana, don ba na son a wanke ni da ƙarya. Ina so ya sha, na yi addu'a ya sha, ni na ɗebo, kuma da za a maimaita ranar, da gudu zan je randar.

Abin ya ci mana abin da ya ci. Baffanku ya cika maganarsa. Bai zo ɗaurin auren Kabiru ba, kun ga wurinsa a tabarma babu kowa, kuka tambaye ni na ce hanya ce ba kyau. In sun haɗu da babanku a kasuwa sukan gaisa, ya tambayi jiki, amma zauren nan bai sake ganin takalminsa ba. A wurin tafsirin mata na ga ana matsawa in na zauna. Wasu manoma suka janye hatsinsu, wai ba sa hulɗa da mai shan azumi. Babanku yakan shige ɗaki ya sha ruwansa a ɓoye duk watan, don kada ya karya zuciyar mai azumi, kuma na san yadda kiran sallar magariba yake yi masa a kwanakin nan. Gwaggonku kuwa ta zama dogarin ruwa. Daga Shinkafi take bugo waya, ko sallama ba ta gamawa.

"Rabi, ya sha? Moɗa nawa? Ki ce mai in na zo na iske randar ga cike, ni da shi ne."

Filasko kuma har yau tana dafawa, amma in ta zo gidan nan a zaure take barin ƙullinta.

Yanzu babanku ya kai shekarun da kakanku ya fara ɓata hanyar masallaci. Yakan manta inda ya ajiye hula, yakan kira Kabiru da sunan ƙanensa. Duk lokacin da ya yi haka gabana yakan faɗi, ba zan ɓoye muku ba. Na sake tambayar likita a zuwanmu na baya ko maganin ne yake riƙe da shi. Ya ce har yanzu amsarsa ba ta canja ba, ana dai ta bincike. Saboda haka kada wani cikinku ya je yana cewa uwarsa ta gano maganin tsufa, kuma kada wani ya sha shi ba da likita ba. Ni abin da na sani kaɗan ne. Tashin bai dawo ba. Kuma ran kasuwar da ta wuce wani saurayi ya sauke buhuna daga Sakajiki, bai taɓa zuwa ba, babanku ya dube shi ya ce wannan goshin na gidan wane ne, ya kira sunan kakansa, dattijon nan da ya taɓa tsayawa a gabansa ya rasa sunansa. Ya dawo gida yana ba ni labari kamar yaron da ya ci jarrabawa.

Ramuwar azumin kuwa yana yi. In sanyi ya shigo, rana ta gajarta, aka auna jini likita ya yarda, sai ya ɗauka, yau ya yi gobe ya huta. Ni ma nakan ɗauka tare da shi, don kada ya yi buɗa-baki shi kaɗai. Duk garin Ƙaura ba mai azumi sai mu biyu. Ranar nan 'yar Nafisa, Ummi, ta same mu a tabarma da dabino a gaba muna jiran kiran salla.

"Kaka, kai kullum a makare kake. Mutane sun yi salla tun tuni, kai yanzu kake azumi?"

"Ke tahi can, amaryar da ba ta iya dama kunu ba. Ni nawa azumin na musamman ne, sai da sanyi aka ba manya."

"To wace ce ni, in ka isa?"

Ya kama kunnenta ya jero mata sunanta, da na uwarta, da nawa, da na uwata, har da na kakata da ita kanta Nafisa ba ta sani ba. Aka kira salla. Ya miƙa mini dabino kafin ya ɗauki nasa.

Ga abin da nake so daga gare ku. Ku riƙa zuwa Zurmi kuna gaida baffanku, ku durƙusa masa har ƙasa. Tsoro ne ya fitar da shi daga gidan nan, kuma tsoron na ƙauna ne. In an sake faɗa muku maganar batir, kada ku yi faɗa, kada ku yi kuka, yanzu kun san yadda aka yi. In kuma Allah Ya sa na riga babanku tafiya, alkawarin da na ɗauka a motar nan ya koma wuyanku. Ku kai shi awon jini ko hanya ba daɗi. Ludayin gishirin yana rataye a ƙusa ta bayan ƙofar madafa. Randar kuma tana inda kuka san ta, kada rana ta fito ta same ta babu ruwa.